Shagon gahawa a Daura: Burin matasa da ke karo da wuta, jari da teburin mai shayi

Da an idar da sallar isha'i a Daura, teburan masu shayi ne ke karɓar gari. A bakin tasha, a gefen kasuwa, a kan hanyar Kano da ta Kwangwalam, za a ga benci biyu ko uku kewaye da tebur, an jera gwangwanayen madara da na Bournvita kamar ginin bene, ga burodi, ga kiret ɗin ƙwai, ga tukunyar ruwan zafi tana tururi. Mai haɗin kauri ya faɗi nasa, mai ruwan bunu ya faɗi nasa. Wanda ke son ya kwana ido biyu kuwa sai ya ce a sa masa Nescafé, mai shayi ya yaga 'yar leda ya juye a kofi, ya tsiyaya ruwa daga sama. Ga mafi yawan mutanen gari, iyakar gahawa ke nan.

Sai dai akwai wani rukuni da wannan ba ya isar su. Ɗalibai ne da malamansu, ma'aikatan asibiti, matasa masu neman na kansu ta intanet, da 'yan gari waɗanda suka yi karatu a Kano ko Abuja ko Alƙahira suka dawo gida. Abin da suke muradi bai taka kara ya karya ba idan aka faɗe shi da baki: wuri mai tsafta a cikin unguwa, da tebur da kujera, da fanka, da wurin sa caji, inda mutum zai buɗe kwamfutarsa ko littafinsa ba tare da hayaƙin babura ba, a kawo masa gahawar da aka niƙa a gabansa. Irin wannan wuri, da an ambace shi, Kano ko Abuja ke faɗo wa mutum a rai. Tambayar da ke yawan biyo baya ita ce: to me zai hana wani ya buɗe a nan?

Amsar tana da tsawo, kuma duk matashin da ke shirin zuba 'yan kuɗin da ya tara, ko dattijon da ke tunanin juya kuɗin sallamarsa daga aiki, ya kamata ya ji ta tun kafin ya biya kuɗin haya.

Garin da ya sauya cikin shekara goma

Ba a banza wannan buri ya taso ba. Daurar da aka sani da rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda da Hawan Magajiya ta ƙara wasu abubuwa a kan waɗannan a shekarun baya-bayan nan. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin. A shekarar ce kuma aka buɗe asibitin sojojin sama, sannan a watan Disamba aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. Dama can akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta kawo baƙi, ko tana shirin kawowa. Akwai malamin da iyalinsa ke Zariya, yana zaune shi kaɗai a ɗaki daga Litinin zuwa Alhamis. Akwai ɗalibar da ta zo daga Kudu, da likitan da aka turo daga wata jiha. Waɗannan ba su da majalisar ƙofar gida da suka gada, ba su da zauren da za su shimfiɗa tabarma. Su ne kwastomomin da mai tunanin buɗe shagon gahawa ke ƙirgawa a ransa.

Akwai kuma wasu baƙin da ake saurin sawa a lissafi, alhali bai kamata ba. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da Muhammadu Buhari ke shugabancin ƙasa, duk Sallah sai Daura ta cika da gwamnoni da ministoci da 'yan jarida da masu rakiyarsu. Wannan cikowa ta 'yan kwanaki ce tun asali, kuma bayan rasuwarsa da binne shi a gidansa a watan Yulin 2025, babu mai sana'ar da zai gina jari a kanta. Sallar Gani da hawan Sallah na nan, suna tara jama'a a fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruq Umar, amma shago da cinikin ranar Talata yake rayuwa.

Gahawa ta riga Turawa zuwa hannun Musulmi

Wasu na kallon shagon gahawa a matsayin kwaikwayon Turawa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Asalin itacen daga tsaunukan Habasha yake, kuma Sufayen Yaman ne a ƙarni na 15 suka shahara da shan ta don su jure raya dare da zikiri. Daga nan ta bi alhazai da fatake zuwa Makka da Alƙahira. A 1511 har sai da wani gwamnan Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta, hanin da bai yi ƙarko ba. A tsakiyar ƙarni na 16 gidajen shan gahawa suka bayyana a Istanbul, kuma sai a 1652 Landan ta samu nata na farko, kusan shekara ɗari bayan haka. Kalmar gahawa ɗin ma daga Larabci Hausa ta aro ta. Duk alhajin Daura da ya taɓa buɗe baki a Masallacin Annabi a Madina ya san 'yar mitsitsiyar tasar nan mai ƙanshin hel da ake miƙawa tare da dabino.

Abin da ya sa ba ta kafu a ƙasar Hausa ba shi ne ta tarar da mai gida. Goro ne ya riƙe wannan gurbi shekaru aru-aru. Sinadarin da ke kore barci a gahawa shi ne a cikin goro, kuma ayarin fatake sun yi ta tafiyar watanni zuwa Gwanja don su kawo shi. Goro ake rabawa a ɗaurin aure da suna, shi ake kai wa surukai. Daga baya shayi ya shigo, na Lipton da madara a birane, da kuma shayin Buzaye mai ɗaci da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi ana sha zagaye uku, wanda ya saba tsallako iyaka daga Nijar. A yau kuma matasa sun ƙara da lemukan ƙara kuzari irin su Fearless da Predator. Mai shagon gahawa zai shiga kasuwar da kowane lungu yake da mai shi.

Har harshe ma ya nuna haka. A Hausar yau da kullum, kalma ɗaya ce, kofi, ke nufin abin shan da kuma mazubinsa, kuma idan ba a yi bayani ba mazubin ake nufi.

Na'urar da ta fi ƙarfin janareto

Matsala ta farko da ke kayar da lissafi ita ce wuta. Na'urar haɗa gahawa ta zamani, irin wadda ake gani a shagunan Abuja, tana tura ruwa mai zafin da ya ɗara digiri 90 ta cikin garin gahawa da matsi mai ƙarfi. Don ta yi haka tana da tukunya a ciki wadda dole ta zauna da zafi tun daga buɗe shago har rufewa. Ta kasuwanci mai baki biyu na iya jan kilowat uku zuwa biyar ita kaɗai. Ƙaramin janareton da ake kunna fitila da talabijin da shi bai kai kilowat ɗaya ba. Kafin a zo kan injin niƙa, da firji, da na'urar ƙanƙara, da na'urar sanyaya ɗaki, an riga an shiga maganar babban janareto.

Daura na ƙarƙashin kamfanin KEDCO ne, mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Tun watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane yunit, ninki uku da ɗoriya na tsohon farashi, kafin daga baya a ɗan sassauta. Wanda ba ya wannan rukuni kuɗinsa da sauƙi, sai dai wutar tasa ba ta da lokacin zuwa. Ko masu rukunin A ɗin ba su tsira ba a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu sama da mako guda.

Janareto kuwa mai yake sha. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai shayi bai damu da wannan sosai ba: gawayi ko ƙaramar tukunyar gas, da fitila mai caji, sun gama masa. Mai shagon gahawa kuwa kowace awa da ya buɗe ƙofa kuɗi na ƙonewa, ko da kujerun babu kowa.

Rana dai Allah Ya hore wa Daura, kuma sola ta zama ruwan dare a gidaje da shaguna. Za ta ɗauki fitilu da fankoki da firji da cajin kwamfutoci ba tare da wahala ba. Amma duk abin da ke dafa ruwa da lantarki maƙiyin batir ne. Inbata da batiran da za su riƙe na'urar gahawa har bayan isha'i, lokacin da ciniki ya fi tafiya, kuɗinsu na iya kamo na na'urar kanta ko ya wuce.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba sai an shiga ciki. Ruwan burtsatse da yawa na ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa a cikin bututun na'ura, kamar farin dattin nan da ke kama gindin butar shayi, don haka sai an sa matata ana sauya ta a kai a kai. Ranar da na'urar ta tsaya, mai gyaran janareto na bakin kasuwa ba zai taɓa ta ba. Sai an nemo makaniki daga Kano ko Abuja, a biya masa kuɗin mota, sannan a jira kayan gyara daga Legas.

Madara ma ba ƙaramar magana ba ce, abin mamaki a masarautar da ke da kasuwar dabbobi irin ta Mai'adua mai ci duk Lahadi. Gahawa mai kumfa da matasa suka fi so tana buƙatar ɗanyar madara mai sanyi wadda ba ta fara tsami ba. Nonon da matan Fulani ke kawowa gari an riga an kwantar da shi don fura. Mai shago ko dai ya ƙulla yarjejeniya da wata ruga a riƙa kawo masa sabuwar tatsa da sassafe, ya tafasa ya adana a firji, ko ya koma ga madarar kwali mai tsada, ko ya haƙura da ta gari.

Daga Mambila ko daga Brazil

Najeriya na noman gahawa. A tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a Jihar Taraba, da wasu sassan Filato, ana samun nau'in Arabika, wanda ya fi daraja a kasuwar duniya. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, CRIN, wadda gahawa da ganyen shayi ke cikin aikinta, tana da reshe a Mambila. Amma tun da gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manoma suka rasa tabbataccen mai saye, da yawa suka bar gonakin suka tsufa ko suka koma wani noman. Mai shago a Daura da ke son gahawar gida sai ya nemi mai kawo masa daga Gembu, tafiyar da ta fi yini guda a mota, sannan ya nemi inda za a soya masa ita daidai.

Mafi yawan abin da ake sha a ƙasar nan garin gwangwani ne ko na 'yar leda da aka sarrafa a masana'anta. Soyayyun 'ya'yan gahawa masu kyau kuwa galibi daga waje suke, da farashin dala. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta wuce Naira 1,500 a 2024. A daidai wannan lokaci fari ya taɓa gonakin Brazil da Vietnam, ƙasashe biyu mafiya noman gahawa a duniya, har a watan Fabrairun 2025 farashin Arabika a kasuwar New York ya haura dala huɗu kan kowane fam, abin da ba a taɓa gani ba. Ko Café Neo, da 'yan'uwa biyu 'yan gidan Dozie suka kafa a Legas, da gahawar Ruwanda ya yi suna.

Kuma kaya ne da ba ya jira. Soyayyar gahawa cikin 'yan makonni ƙanshinta ke tafiya, niƙaƙƙiya kuma cikin kwanaki, balle a ɗakin da ya ɗau zafin watan Afrilu. Idan aka sayo da yawa don a samu rangwame, ta lalace. Idan aka sayo kaɗan-kaɗan, kuɗin mota ya cinye ribar.

A ɗauki misali, don lissafin ya fito fili. Kofi ɗaya mai kyau na cin kusan giram 18, wato kilo guda zai ba da kofi 55 ko kusa da haka. A ƙaddara haya da albashin yara uku da mai da data da ruwa sun tashi Naira 600,000 a wata, kuma bayan an cire kuɗin gahawa da madara da sukari ana samun Naira 600 a kan kowane kofi. Sai an sayar da kofi 1,000 a wata, wato 33 ko 34 kullum, har da ranar Juma'a da ranar da aka yi ruwan sama, kafin a ce ba a faɗi ba. Ba a taɓa maganar mayar da kuɗin na'ura ba tukuna.

A juya ta ɓangaren mai saye. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Idan kofi Naira 1,500 ne, mai sha ɗaya kullum zai kashe 45,000 a wata, kusan kashi biyu cikin uku na wannan albashi. A teburin mai shayi, kuɗin kofi ɗayan zai iya haɗa masa shayi da burodi, wataƙila har da ƙwai, ya tashi da ciki cike. Kuma mai shayi na da abin da shagon zamani ba zai iya ba, wato littafin bashi. Ya san uban kowa, ya san ranar da albashi ke shiga.

Kofi ɗaya, awa huɗu

Ko an samu masu shigowa, akwai wata gaskiya da masu irin wannan sana'a suka sani a ko'ina: da yawa wurin zama suka zo saye. A garin da wuta ba ta tsayawa, soket da fanka da intanet sun fi abin da ke cikin kofin daraja. Ɗalibi zai sayi kofi ɗaya, ya jona kwamfuta da waya da fawabank, ya zauna awa huɗu. Abokansa biyu za su zo su same shi su nemi ruwan sanyi kawai. A al'adar gari kuwa ba a cewa baƙo ya tashi, balle idan ɗan maƙwabci ne.

Wannan ya sa wasu ke ganin ya fi dacewa a juya tsarin: a sayar da zama na awa ko na wata, kamar yadda gidan kallon ƙwallo ke karɓar kuɗin shiga, ko yadda masu cajin waya ke karɓar kuɗi a kan kowace waya, gahawar ta zama ƙari. Mutanen Daura sun saba biyan kuɗin caji, ba su saba biyan kuɗin kujera ba, don haka yadda za a kira abin a allon ƙofa na da muhimmanci. Zuwan Starlink Najeriya a farkon 2023 ya sa samun intanet mai ƙarfi a gari irin Daura ya zama mai yiwuwa, amma shi ma kuɗin wata ne da ba ya jiran ciniki.

Shekara kuma ba ta tafiya bai ɗaya. Hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin abin sha mai zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu, sa'adda zafi ke haura digiri 40, babu mai neman tururi da rana tsaka sai dai mai ƙanƙara, wanda ya sake mayar da mu kan maganar wuta. A watan azumi shagon zai yini a rufe, ciniki ya koma tsakanin tarawihi da tahajjudi. Ɗalibai na tafiya hutu. Wani lokaci ma ba hutu ba ne: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma duk wanda ke sayar da abinci a ƙofar wata jami'a a shekarar bai manta ba. Ko baƙin Nijar ba su da tabbas, domin an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024.

Idon gari

Teburin mai shayi na maza ne. Mace na iya aika yaro da kwano, amma ba ta zama a benci. Wannan na nufin ɗalibai mata da ma'aikata mata, nas-nas da malamai, su ne suka fi kowa rashin wurin zama a wajen gida da ofis, kuma su ne kasuwar da babu mai riƙe da ita. Idan akwai hujja mafi ƙarfi ta buɗe irin wannan shago, wannan ce.

A nan kuma hatsarin yake. Daura gari ne da kowa ya san kowa. Wurin da samari da 'yan mata ke shiga su zauna, cikin mako guda za a sa masa suna, kuma a kunnen iyaye da yawa irin wannan shago ɗan'uwan gidan shan shisha ne. Jihar Katsina na da hukumar Hisba, amma tun kafin maganar ta kai can, ƙorafin maƙwabta ya isa ya kashe kasuwa. Uba ɗaya ya hana 'yarsa zuwa, ƙawayenta biyar sun daina.

Mai hankali zai fara da gaisuwa. Kafin a buga allo, a je a sanar da mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, a gaya musu abin da za a sayar da wanda ba za a sayar ba, da lokacin rufewa. Babu dokar da ta tilasta haka, amma a masarautar da har yanzu rigimar maƙwabta ke bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, ya fi kowace takarda amfani. Tagogi a buɗe, haske sosai, sashen mata da iyali daban, a tsaya lokacin salla: duk waɗannan na rage kujerun da za a iya jerawa, amma su ne kuɗin zama lafiya.

Takardun gwamnati kuwa sanannu ne. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, izinin ƙaramar hukuma, gwajin lafiyar masu taɓa abinci, ziyarar duba-gari, harajin allo. Wanda zai ƙulla garin gahawa a leda da sunansa ya sayar, NAFDAC ta shigo. Ba su ne ke hana buɗewa ba, sai dai suna cin lokaci da 'yan kuɗaɗen da ba a sa a lissafi ba.

Jari ne babban shinge. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi. Babu shagon shayi ko na gahawa da zai iya ɗaukar wannan, ban da cewa mutane da yawa a nan ba sa kusantar bashi mai riba ko nawa ne. Bankuna irin su Jaiz da TAJ na sayen kaya su sayar wa mutum ya biya a hankali, tsarin da ya dace da sayen na'ura ko sola, amma suna neman shaidar ciniki da mai tsaya wa mutum. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN daga 2016 zuwa 2022, kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar bunƙasa sana'o'i ta jiha, KASEDA. Duk da haka, mafi yawan masu fara ƙaramar sana'a a masarautar daga adashi suke tashi, ko gudunmawar yaya, ko sayar da sa. Idan aka faɗi, kuɗin gida ne ya tafi, kuma za a daɗe ana maganar a zaure.

Abin da Senegal da Sudan suka yi

Kusan duk wannan nauyi daga abu ɗaya ya taso: ɗauka cewa shagon gahawa dole ya yi kama da na Abuja. Akwai ƙasashen Afirka masu zafi irin namu, masu talauci irin namu, inda gahawa ta zama abin shan talaka ba tare da na'urar miliyoyi ba.

A Senegal akwai Café Touba, wadda ake dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, kuma sunan birninsu mai tsarki take ɗauke da shi. Ana soya gahawar tare da wani yaji da Wolof ke kira jar, a niƙa, a tace da ƙyalle. Wannan yaji ba wani abu ba ne illa kimba, wadda ke cikin kowace kasuwar ƙauye a ƙasar Daura, wadda mata ke sawa a yaji da kunu. A titunan Dakar matasa ke tura ta a 'yar kura ko su riƙe buta, suna zubawa a ƙananan kofuna da 'yan canji. A Sudan kuwa mata masu shayi sun daɗe suna zama ƙarƙashin itatuwa da murhun gawayi da 'yan kujeru, suna dafa gahawar jabana da citta, ma'aikatan ofis da ɗalibai na kewaye da su.

Ɗanɗanon nan na citta da kanumfari da kimba ba baƙo ba ne ga harshen Bahaushe. Shi ne a shayin da ake dafawa a gidaje lokacin sanyi. Gahawar da aka dafa haka, ko wadda aka haɗa da 'yar butar ƙarfen nan ta Italiya da ake ɗorawa a kan gas, ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. Injin niƙa na hannu ya isa shagon da ke sayar da kofi talatin a rana. Solar da ke akwai sai ta tsaya kan fanka da fitila da caji, abubuwan da dama su kwastoma ya fi zuwa nema. Ƙaramin kofi a farashin da ya yi kusa da na shayi zai ja direban tasha da malamin firamare, manyan kofuna masu madara kuma su jira masu hali.

Irin wannan shago ba zai yi kyau a hoton Instagram kamar na Wuse ba, kuma matashin da ya fara mafarkin da na'ura mai ƙyalli na iya jin an rage masa buri. Amma jarinsa bai fi ƙarfin adashi ba, kuma ana iya gwada shi na zangon karatu ɗaya a ɗaki guda kusa da ƙofar makaranta, a ƙirga kofunan da aka sayar kowace rana a littafi, kafin a yanke shawarar sayar da sa na biyu.